Shin Sai Da Bulala Yaro Ke Karatu?

Akwai maganar da kusan kowane mahaifi a ƙasar Hausa ya taɓa ji, da yawa ma sun faɗe ta da bakinsu ranar da suka kai yaro makaranta: "Malam, ga shi nan, in ya ƙi karatu a zane shi." Wasu har su ƙara da cewa duk inda bulalar malam ta taɓa a jikin yaro, wuta ba za ta ci wurin ba. Masu wannan magana ba mugaye ba ne. Yawancinsu mutane ne da ke hana cikinsu don su biya kuɗin makaranta, sun kuma taso sun tarar ana cewa ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. Sangarta suke gudu, kuma suna da gaskiya su guje ta. In gardama ta yi zafi, sai su kawo hujjar da suke ganin ta fi kowace ƙarfi, wato su kansu: "Mu da aka daka, ga mu nan mun zama mutane."

Ina tare da su a kan cewa yaro yana buƙatar iyaka da kwaɓa. Inda muka rabu wuri ɗaya ne, wato ɗaukar cewa tsoro ne ke buɗe kan yaro, kuma ajin da ya fi shiru shi ya fi karatu. Akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu suna bin diddigin wannan tambaya, kuma abin da suka gano ya cancanci a saurare shi.

Ɗaya daga cikinsu shi ne James Comer, baƙar fata ɗan Amurka, wanda aka haifa a 1934 a garin East Chicago na jihar Indiana. Mahaifinsa lebura ne a masana'antar ƙarfe, mahaifiyarsa Maggie kuma aikatau take yi a gidajen mutane, karatunta bai taka kara ya karya ba. Duk da haka 'ya'yansu biyar sun tara digiri 13 a tsakaninsu. Comer ya karanta likitanci a Jami'ar Howard, daga baya ya ƙware a kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara. Abin da ya tsaya masa a rai, kamar yadda ya sha ba da labari, shi ne wasu abokansa uku na ƙuruciya. Unguwarsu ɗaya, makarantarsu ɗaya, kuma bai ga ya fi su kai ba. Ɗaya giya ce ta yi ajalinsa, ɗaya ya ƙare a gidan yari, na ukun ya yi ta shiga da fita asibitin masu taɓin hankali. Da ya yi ta juya abin a ransa, sai ya ga bambancin yana cikin yadda aka rene su. A gidansu Comer ana zama da yara a yi musu tambaya a jira amsa, ana barinsu su yi muhawara, ana koya musu yadda za su yi magana da babba ba da rawar jiki ba, ba kuma da fitsara ba. Shi ya shiga aji yana jin wurin nasa ne, su kuwa sun shiga a matsayin baƙin da ake zargi tun kafin su buɗe baki.

A 1968 ya kama aiki a cibiyar nazarin yara ta Jami'ar Yale, aka haɗa shi da makarantun firamare biyu a birnin New Haven. Ɗalibansu kusan duk baƙaƙen fata ne 'ya'yan talakawa, kuma cikin makarantun firamare 33 na birnin su ne a can ƙasa. 'Yan aji huɗu suna baya da fiye da shekara ɗaya da rabi a karatu da lissafi. A makarantun nan ba duka ne babban makami ba, tsawa ce da kora da ɗora laifi. Malamai na cewa iyaye ba su damu ba, iyaye na cewa malamai sun raina su, yara kuma na tsakiya suna faɗa da juna. Shekarar farko ta aikin ta zo da rikici, iyaye suka fusata, malamai da dama suka ajiye aiki.

Wani labari da Comer ya bayar ya nuna yadda tunaninsa ya sha bamban. An kawo wani ƙaramin yaro daga karkarar jihar North Carolina, inda ya taso cikin danginsa kowa ya san shi. Aka sauke shi a makaranta, aka wuce da shi aji kai tsaye, ga baƙin fuskoki, ga malama da ba ta ji daɗin ƙarin ɗalibi a tsakiyar zango ba. Yaron ya dubi ajin, ya shuri malamar a ƙafa, ya fita da gudu. A al'adar makarantar hukunci ne zai biyo baya, a rubuta shi a jerin marasa ji. Comer da abokan aikinsa suka tara malamai suka ce kowa ya sa kansa a matsayin yaron nan, ya faɗi me zai ji. Daga wannan zama aka tsara yadda za a riƙa karɓar sabon ɗalibi: a zaga da shi makaranta, a gabatar da shi, a haɗa shi da wanda zai riƙe masa hannu kwanakin farko. Ba wanda ya ce shurin malama daidai ne. Abin da aka gane shi ne firgici ne ya haife shi, kuma in aka ƙara wa firgitacce firgici ba a gyara komai ba.

A hankali suka gina tsarin da yau ake kira da sunansa. Shugaban makaranta da malamai da iyaye suka zama kwamiti ɗaya mai tsara al'amuran makaranta, wani kwamitin kuma yana duba matsalolin yara tun ba su girma ba. Ƙa'idar zamansu ita ce ba a zo neman mai laifi ba, an zo neman mafita, kuma ba a yanke shawara sai an fahimci juna. Har suka gwada barin malami ɗaya ya riƙe aji shekara biyu, saboda sun lura yaron da rayuwa ta gigita yakan ɗauki watanni kafin ya saki jiki da babba, sai ya fara sakewa kuma shekara ta ƙare a miƙa shi ga wani. Ɗaya daga cikin makarantun farko ta fice daga shirin, aka maye gurbinta da wata mai irin halinta. Zuwa 1979 ɗaliban sun kamo matakin da ya dace da ajinsu, a 1984 kuma 'yan aji huɗu na makarantun biyu suka zo na uku da na huɗu a jarrabawar birnin. Fashin zuwa makaranta ya ragu ƙwarai, manyan rigingimu suka zama sai jefi-jefi. Unguwannin suna nan da talaucinsu, yaran ma irin waɗancan ne.

Ba zan ɓoye cewa tsarin bai yi irin wannan tasiri a ko'ina ba. Da Thomas Cook na Jami'ar Northwestern ya auna shi, a wata gunduma ta jihar Maryland bai ga wani bambanci na a zo a gani a sakamakon jarrabawa ba, a Chicago kuma ya ga ci gaba matsakaici. Gina amana tsakanin manya aiki ne mai cin shekaru, kuma inda aka yi shi rabi da rabi ba ya haifar da komai. Amma abin lura shi ne, makarantun Comer ba wuraren sakaci ba ne. Akwai doka, akwai hukunci, ana kuma sa ran yaro ya yi ƙoƙari. Tsoron ne kawai aka cire.

Me tsoro ke yi wa mai koyo? A ɗauki yarinya 'yar aji huɗu da aka kira gaban allo ta raba 84 gida 6. Dorina na kan teburin malam, ta kuma ga abin da ya sami wanda ya riga ta. Lissafin nan yana buƙatar ta riƙe abu uku ko huɗu a kai lokaci guda: shida sau nawa ke shiga takwas, me ya rage, ina za ta kai ragowar. Amma rabin hankalinta na kan hannun malam. Allin na rawa a yatsunta, bakinta ya bushe, abin da ta iya jiya a gida ya gudu. Masana ƙwaƙwalwa, irin su Amy Arnsten ta Yale, sun nuna cewa idan mutum ya firgita jiki kan saki sinadaran da ke shirya shi gudu ko kare kai, kuma sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke riƙe tunani yana jujjuya shi, shi ne ke fara raunana. Allah Ya yi mu haka don mu tsira daga haɗari. Sai dai wannan sashe da ke rufewa shi ne ake buƙata a yi lissafi, a fahimci nassi, a haɗa jimla. Yarinyar za ta sha bulala a kan ba ta iya ba, alhali bulalar ce ta hana ta iyawa. Gobe kuma ko ta san amsa ba za ta ɗaga hannu ba, in ba ta gane ba ma ba za ta tambaya ba. Malam zai ga aji tsit ya ɗauka an fahimta.

Mu da muka ga abin da ya faru a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, ba ma buƙatar wani ya gaya mana cewa yaron da ke cikin fargaba ba ya karatu. Ba ina kwatanta malami da ɗan bindiga ba ne, Allah Ya kiyaye. Abin da nake cewa shi ne mun riga mun yarda kwanciyar hankali sharaɗi ce ta karatu idan barazanar daga daji take. Jikin yaro kuwa hanyarsa ta amsa tsoro iri ɗaya ce, ko da girman tsoron ya bambanta.

Mai karatu na iya cewa wannan duk zancen Amurka ne, yaranmu daban suke. To, an yi binciken a nan kusa da mu. Victoria Talwar ta Jami'ar McGill da Kang Lee na Jami'ar Toronto, duka a Kanada, sun sami makarantun kuɗi biyu a gari ɗaya a wata ƙasa ta Afirka ta Yamma, iyayen yaran kusan matsayinsu ɗaya. A ɗaya ana duka da mari da mintsini har a kan mantuwa da fensir, a ɗayar kuma faɗa ake yi da baki, ko a ware yaro gefe na ɗan lokaci. Suka ɗauki yara 84 'yan shekara uku zuwa huɗu suka yi musu wani wasa. Yaro zai juya baya, a ajiye abin wasa mai ƙara a bayansa, a ce ya canki mene ne. Sai mai gwajin ta ce za ta fita minti ɗaya, kada ya waiga. Akwai kyamara a ɓoye. Yawancin yaran makarantun biyu sun waiga, yaro dai yaro ne. Bambancin ya fito ne da ta dawo ta tambaya, "Ka leƙa?" Yaran makarantar duka sun fi yin ƙarya nesa ba kusa ba, kuma sun fi iya kare ƙaryar idan aka bi su da tambayoyi, har sukan ba da amsar da ba daidai ba da gangan don kada a gane sun gani. A wani binciken da suka yi tare da Stephanie Carlson a makarantun, wanda ya fito a 2011, 'yan rabin aji ba su bambanta sosai ba wajen kame kai da tsara tunani, amma zuwa aji ɗaya yaran makarantar da ba a duka sun wuce. Makarantu biyu ba su isa a yanke hukunci a kan duniya ba. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin bulalar ba ta hana leƙen ba, ƙwarewa a ɓoye shi ta koyar.

Wannan ba sabon gani ba ne a wurin Musulmi. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya ware babi guda a Muƙaddimarsa a kan cewa tsanantawa na cutar da masu koyo. Ya bayyana cewa wanda aka rena da ƙarfi da tilas yakan rasa karsashi, ya koma ga kasala da ƙarya da yaudara saboda tsoron hannun da zai sauka a kansa, har abin ya zame masa ɗabi'a. Kusan shekara 600 ke tsakaninsa da masu kyamarar nan. Tun kafinsa, Muhammad ibn Sahnun na Ƙairawan, ɗan babban malamin Malikiyya mai Mudawwana, ya rubuta littafi a kan ladubban malamai a ƙarni na 9. Bai haramta duka ba, amma ya ɗaure shi da sharuɗɗa: kada ya wuce bulala uku sai da izinin uba, kada a taɓa kai ko fuska, kada malami ya yi shi don huce haushinsa. Duk wanda ya san abin da ke faruwa a azuzuwanmu ya san ko wannan iyaka ta fiye da shekara dubu an daɗe da tsallake ta.

Na san za a kawo hadisin umartar yara da salla suna shekara bakwai da ladabtar da su a kanta suna goma. Ba ni da hurumin yin fatawa, malamai sun yi bayaninsa da sharuɗɗansa. Abin da kowa zai iya gani dai shi ne an ba da shekara uku cur na koyarwa da tunatarwa, kuma magana ce a kan ƙin yin abin da aka iya, ba a kan kasa gane darasi ba. Mun kuma san Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma yana yaro bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba, Nana A'isha kuma ta shaida bai taɓa dukan mace ko hadimi ba. Wanda ya ajiye bulala bai bar sunna ba. Turawan da ake cewa su suka kawo mana wannan ra'ayi ma ba su daɗe da ajiye tasu ba. Sai a 1987 aka daina duka a makarantun gwamnati a Ingila, a Amurka kuwa har yau akwai jihohin da doka ta yarda da shi.

Saura babbar hujja, ta "mu da aka daka." Ina jin nauyinta, domin masu faɗarta suna faɗa ne cikin ƙaunar malamansu. Amma su wa ke magana? Waɗanda suka jure suka kai ƙarshe. Wanda ya makara da safe saboda ɗibar ruwa, ya hango firifet da bulala a bakin ƙofa, ya juya ya nufi tasha, ba ya cikin masu ba da shaida. Haka yarinyar da aka kunyata gaban aji ta ce wa uwarta gara talla. Wani dogon bincike da Jami'ar Oxford ke jagoranta mai suna Young Lives ya bi yara kusan 12,000 a Habasha da Indiya da Peru da Biyetnam shekara da shekaru. A rahotonsa na 2015 an ga cewa a yawancin ƙasashen yaran da aka doka a makaranta suna shekara 8 sun fi samun ƙarancin maki a lissafi suna shekara 12, ko bayan an yi la'akari da ƙoƙarinsu na farko. Da aka tambayi yaran abin da ya fi sa su ƙin makaranta, cin zarafi daga malamai da 'yan'uwansu ɗalibai ne ya zo a gaba. A 2016 kuma Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka tattara binciken shekara 50 da ya shafi yara fiye da 160,000 a kan dukan iyaye, ba su sami alamar yana gyara hali ba. Sai na ce wa ɗan'uwana mai wannan hujja ya tuna malamin da har yau yake yi wa addu'a. Sau da yawa ba wanda ya fi zafin hannu ba ne. Wanda ya san sunansa ne, ya tsaya bayan an tashi ya sake yi masa bayani, ya zo gida dubiya da ya yi rashin lafiya. Ko da wannan malami yana duka, abin da ya sa karatunsa ya zauna shi ne yaron ya tabbata ana son sa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma mai tanƙwara icce a hankali yake bi, don ya san in ya yi gaggawa karyewa zai yi.

Zalunci ne a ɗora wa malami laifin duka. Mutumin da aka ba aji mai yara fiye da ɗari, babu kujeru, babu littattafai, albashi ba ya kai shi tsakiyar wata, kuma a kwalejin horon malamai ba wanda ya nuna masa wata hanyar riƙe aji sai wadda aka riƙe shi da ita, in ka ce ya ajiye bulala dole ka faɗa masa me zai ɗauka. Yuganda ta gwada hani da takarda tun 1997, duka bai tsaya ba. Sai wata ƙungiya ta ƙasar mai suna Raising Voices ta tsara shirin da ke aiki da makaranta gaba ɗayanta: kwamitocin malamai da ɗalibai da iyaye, dokokin aji da yara ke sa hannu wajen tsarawa, akwatin koke, kotun ɗalibai, da horar da malamai hukuncin da ba na jiki ba. Karen Devries ta makarantar nazarin lafiya ta Landan ta auna shi a makarantun firamare 42 a gundumar Luwero, rabi da shirin, rabi babu. Bayan wata 18, kusan kashi 49 cikin ɗari na yaran makarantun da ba a taɓa ba sun ce wani ma'aikaci ya doke su a makon da ya wuce, a makarantun shirin kuwa kashi 31. Yaran sun ƙara jin aminci a makaranta. Makin jarrabawa bai tashi ba a wannan ɗan lokaci, amma bai faɗi ba, makarantun kuma ba su rikice ba kamar yadda ake tsoro. Comer ma sai da ya yi kusan shekara goma kafin maki ya biyo baya.

Makarantunmu na gwamnati suna da kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, Islamiyyu da yawa ma suna da irinsu. Zamansu yakan ƙare a kan kuɗin gyaran rufi da na alli. Zan so a zama na gaba wani uba ya nemi a kawo rajista, a ƙirga yaran da suka fara zango da waɗanda suka daina zuwa, a wakilta mutum biyu su bi su gida ɗaya bayan ɗaya, su tambayi yaran da kansu, ba a gaban malam ba, abin da ya hana su dawowa.